Neman kalmar Hausa: "TV tuner card" da "line-in", da batun bidiyon da ke fitowa ba sauti

Malam Idi, Dilimi:
Assalamu alaikum. Ana haɗa 'yar takardar koyarwa don yaran shago masu juya tsofaffin kaset na biki da na tafsiri zuwa kwamfuta. Babin da ya tsaya shi ne na matsalar da ta fi yawa: an ɗauki bidiyo, hoto tar, amma fayil ya fito bebe. Kalmomi biyu ne suka hana ruwa gudu. "TV tuner card", wato katin da ake sawa a kwamfuta don shigar da hoton talabijin, na sa masa "katin talabijin", "line-in" kuma, ramin shigar da sauti a kwamfuta, "mashigar layi". Masana a duba mana.

Injiniya Bala, Terminus:
Wa alaikumus salam. Malam, "mashigar layi" a cire ta tun yanzu. Layi a bakinmu na waya ne, ko na gidan mai, ko na unguwa. Yaro zai tafi neman inda ake sa sim.

"Katin talabijin" ma bai kwanta mini ba, don mutane za su ɗauka katin dikoda ne da ake biya wa kuɗin wata. Ni "katin kamo tasha" zan ce. Idan ka ciro katin za ka ga wani ɗan akwatin ƙarfe a jikinsa inda eriya ke shiga. Wannan ne mai kamo tashar, shi ya ba katin sunansa. Sunan zai kuma tuna wa yaro cewa hanya biyu ce. Ta eriya hoto da sauti tare suke shigowa. Ta rawayar waya kuwa, ko ta S-Video, hoto ne zalla, ko ɗigon sauti ba ya bi ta nan. Sauti yana kan jar waya da farar waya. Mai juya kaset da ya haɗa rawaya kaɗai ya riga ya yi asarar murya tun kafin ya danna komai.

Ɗan Gangare:
Oga, me zai hana a gajarta a ce "makamin tasha", kamar yadda ake cewa mabuɗi, madubi?

Injiniya Bala, Terminus:
Ƙanena, ka rubuta "makami" a rasit, ka bi ta shingen jami'an tsaro da shi a jaka, ka dawo ka ba mu labari. A bar shi a katin kamo tasha.

Hajiya Rabi, mai tace bidiyo:
Na yarda da sunan, amma a raba shi da ɗan'uwansa. Ƙananan nan na USB irin su EasyCAP ba su da wurin eriya, ba sa kamo tashar kowa. Su "katin ɗauka" ne kawai. Tun da aka ƙaddamar da talabijin na dijital a Jos ranar 30 ga Afrilu 2016, yawancin masu tsohon kati ta wayoyin bayan dikoda suke shigar da hoto, wato katin kamo tasha yana aikin katin ɗauka.

Kuma Malam, kafin yaro ya taɓa waya, ya buɗe fayil ɗin a manhajar kallon bidiyo ta VLC ya danna Ctrl da J. Idan bidiyo kaɗai aka lissafa, babu sashen sauti, manhajar ɗaukar ce ba a gaya mata ta ɗauki sauti ba. Idan akwai sashen sauti amma shiru, daga ƙofar da ba ita ba aka ɗauka. Idan kuma huci ake ji, shuuu, wannan wani ciwon ne daban.

Injiniya Bala, Terminus:
Na biyun nan shi ke ruɗa mutane, don mai aiki yana rantsuwa ya ji sauti a lasifika lokacin ɗauka. Gaskiya ya faɗa. Tsofaffin katuna da yawa masu cif ɗin Bt848 ko Bt878, irin su WinTV da PCTV na farko, ba ta cikin kwamfuta suke miƙa sautinsu ba. Suna fitar da shi ta baya, sai wata gajeriyar waya mai kai biyu na milimita 3.5, wadda ba ta wuce taƙi ɗaya ko biyu ba, ta ɗauke shi ta shigar a katin sauti. Daga nan Windows na iya wuce da shi zuwa lasifika, kunne ya ji, alhali ɓangaren ɗauka yana can yana sauraren makirufo da ba a ma haɗa ba. Abin da ake ji da abin da ake ɗauka, kowanne da nasa saiti.

A Windows 7 zuwa 10, a danna maɓallin Windows da R, a rubuta mmsys.cpl, a shiga Recording. In ba a ga Line In ba, a danna dama a fili a zaɓi Show Disabled Devices, a kunna shi, a ɗaga matakinsa zuwa wajen 70. A sa kaset ya yi ta juyawa. Koren ma'aunin da ke gefe dole ya riƙa hawa da sauka. Bai motsa ba, matsalar waya ce. Ya motsa, saura manhaja: a manhajar ɗauka ta OBS a buɗe saitin katin, a yi alama a Use custom audio device, a zaɓi ƙofar da hannu. Windows 10 kuma tun sabuntawar Afrilun 2018 yana iya toshe wa manhajoji duk wata hanyar shigar sauti idan an kashe izinin makirufo a Privacy, ko da ba makirufo kake amfani da shi ba.

Gajeriyar wayar ita ma tana son suna. Ni "'yar gada" nake ba da shawara, tunda tsallakar da sauti take yi daga kati zuwa kati.

Ɗan Gangare:
'Yar gada ta zauna daram. To "line-in" ɗin a ce "shuɗiyar ƙofa" mana. Shuɗi shiga, kore fita, ruwan hoda makirufo, kowa ya huta.

Hajiya Rabi, mai tace bidiyo:
Launi alama ce mai kyau, amma ba zai zama suna ba. Akwai kwamfutocin ofis da duk ramukansu baƙaƙe ne, akwai masu cif ɗin sauti na Realtek da ke tambayar ka me ka soka, ka mai da ramin abin da kake so. Laftof kuwa galibi rami ɗaya gare ta, na abin kunne da makirufo a haɗe. Ita sai an saya mata katin sauti na USB mai irin wannan ƙofar. Sunan ya faɗi aikinta: "ƙofar sautin na'ura", kishiyar "ƙofar makirufo". Bambancin ba na ado ba ne. Sautin da ke fitowa daga rediyo, bidiyo ko dikoda ya kai kusan volt 0.3, na makirufo kuwa 'yan milivolt ne. Ka soka 'yar gada a ruwan hoda, murya za ta riƙa fashewa, sau da yawa kuma ta koma kunne ɗaya.

Malam Idi, Dilimi:
Allah ya ƙara sani. Na gyara: katin kamo tasha, katin ɗauka, 'yar gada, ƙofar sautin na'ura, tare da bayanin cewa galibi shuɗiya ce. Injiniya, katin da babu ramin fitar sauti a bayansa fa? Hajiya, hucin da kika ambata kuma ba ki ƙarasa ba.

Injiniya Bala, Terminus:
Irin su PVR-150 na Hauppauge da kansu suke dunƙule hoto da sauti su zama MPEG-2, ba ruwansu da 'yar gada. Masu cif ɗin SAA7134 ma da yawa ta cikin allon kwamfuta suke turawa. A masu SAA7134 ɗin, sunan katin ne za a zaɓa a jerin na'urorin sauti. In bai bayyana ba, direbansa, wato manhajar da ke sa Windows ya gane katin, ne bai hau daidai ba, a duba Device Manager ko akwai alamar rawaya.

Hajiya Rabi, mai tace bidiyo:
Huci na masu shiga ta ramin eriya ne. A tsarin watsa talabijin na PAL B/G sauti yana nesa da hoto da megahaz 5.5, a PAL I na Ingila 6.0, a D/K 6.5. Katin da ya zo daga Ingila a kan I, aka ba shi B/G, zai nuna hoto lafiya lau ya nemi sauti inda babu. A canza ƙasa ko tsarin a manhajar katin, ya dace da abin da dikoda ko na'urar bidiyon ke fitarwa, sannan a sake binciken tasha, don wasu manhajojin ba sa ɗaukar canjin sai an sake. Katin Amurka mai tsarin NTSC kuwa kar a wahala da eriyarsa, a bi ta wayoyi uku.

Malam, ka ƙara layi ɗaya a ƙarshen babin: a sa sauti a kilohaz 48 a Windows da manhaja duka, don kada baki da murya su rabu a dogon kaset, kuma a ɗauki gwajin daƙiƙa 30 a saurara kafin a saki kaset na awa uku.