Wa ke da alhakin bindiga a wurin ɗaukar fim, kuma me za mu kira shi?

'Yan uwa masu fassara da masu rubuta labarai, ku zo mu tsayar da magana a kan mutumin da Turawa ke kira armorer.

Tun Oktoban 2021 da harsashi ya fita daga bindigar da ke hannun ɗan wasa Alec Baldwin a wurin ɗaukar fim ɗin Rust a jihar New Mexico ta Amurka, ya kashe mai ɗaukar hoto Halyna Hutchins, ya raunata darakta Joel Souza, kowa ke fassara wannan muƙami yadda ya ga dama.

"Mai gadin bindiga" bai yi ba. Mai gadi ƙofa yake tsarewa, bai san abin da ke cikin akwati ba. "Maƙerin bindiga" kuma ba aikinsa ba ne, don ba ƙira yake yi ba. Akwai wanda ya kawo "sarkin bindiga". Daɗin ji kam akwai, amma sarauta ce, sarki kuwa ba a cika tsare shi da tambaya ba.

Ni na fi karkata ga "ma'ajin makamai". Ma'aji shi ke ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, in an samu giɓi shi ake kamawa. Aikin ke nan: ya buɗe bindiga, ya duba kowane harsashi, ya miƙa, a gama ɗauka ya karɓe ya kulle. Harsashin kwaikwayo ma girgiza shi yake yi a kusa da kunne, ya ji ƙarar 'yan ƙwayoyin da aka zuba ciki, shaidar babu albarushi.

Kotu ma can ta dosa. A 2024 aka ɗaure Hannah Gutierrez-Reed, ma'ajiyar makaman fim ɗin, wata 18 bisa kisa ba da niyya ba. An kori ƙarar da aka kai Baldwin a Yulin shekarar saboda masu gabatar da ƙara sun ɓoye wata shaida. Mataimakin darakta David Halls, wanda aka ce shi ya miƙa bindigar yana cewa ba komai a ciki, shi ma bai tsira daga hukunci ba. Wato sunan ma'aji ba ya wanke sauran hannayen da bindiga ta bi.

Saura harsashin da ke da albarushi ba dalma, mai ƙara da wuta kawai. Ina ba da shawarar "harsashin holoƙo", kamar hadarin da ba ruwa. Damuwata kada sunan ya sa a raina shi, don irinsa ne ya kashe ɗan wasa Jon-Erik Hexum a 1984 da ya ɗora bindiga a kansa da wasa. Wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo.