Mayofiya da ratina: me za mu ce musu da Hausa?

Ma'aikatan ido na Katsina da malaman Hausa, ku matso kusa. Kalma biyu ke ba mu wahala in za a yi wa majinyaci bayani: mayofiya (ganin na kusa sarai, na nesa kuwa hazo-hazo) da ratina (shimfiɗar da ke karɓar haske a can bayan ƙwayar ido).

Ta farko, masu fassara sun saba cewa "rashin hangen nesa". Ni dai ban yarda ba. Ka ce wa dattijo a Ƙofar Sauri, "Baba, rashin hangen nesa gare ka", ai ka zage shi. "Dishi-dishi" kuma ya yi faɗi, don mai yana ma haka yake gani. Dundumi na dare ne. Mai mayofiya kuwa zai zura zare a allura lafiya lau, amma rubutun allo daga kujerar baya sai hazo. Shi ya sa na tsaya kan "gani-kusa", mai shi kuma "mai gani-kusa".

Ratina ce ta jawo gardama. Wani malamin makaranta ya kawo "allon ido", tunda a kanta hoto ke sauka. Allah gafarta Malam, hujjarka ta yi, sai dai allo ba ya miƙewa, ita kuwa tana yi.

Tsawon ƙwayar idon babba, daga gaba zuwa baya, kamar milimita 23 zuwa 24 ne. A gani-kusa yawanci ƙwayar ce ta yi tsawo, sai hoto ya haɗu tun bai kai bangon baya ba. In ta wuce milimita 26, ko lambar gilashi ta kai -6, likitoci na cewa abin ya yi tsanani. Ratina shimfiɗe take a cikin bangon nan, kaurinta a tsakiya bai fi kwatan milimita ba. Ƙwaya na ƙara tsawo, ita tana jawuwa tana sirancewa, kamar fatar da aka ɗaure a bakin kalangu. To, abu mai laushi da ake auna kaurinsa, Bahaushe tantani yake ce masa. Wata ma'aikaciyar jinya ta ce mutane za su ɗauka yana ake nufi. Gaskiyarki Hajiya, don haka kada mu ce "tantanin ido", mu ce "tantanin gani".

Na'urar da ke awon, OCT, masana a jami'ar MIT ta Amurka suka bayyana ta a 1991. Da haske take aiki, ba ta taɓa ido: ka ɗora haɓa, ka ƙura wa ɗigon haske ido, cikin daƙiƙoƙi tantanin ya fito hawa-hawa. Sirancewar ba ɗaya ba ce ko'ina. Tsakiya kan riƙe kaurinta, gefe ke raguwa. Wani lokaci takardar sakamakon awon kan nuna launin ja, alamar sirancewa, kusa da jijiyar gani, har a zaci hawan jinin ido ne, alhali tsawon ƙwaya ne kawai.

Ku gwada a baki: "Inna, tantanin ganinki ya yi siriri, yana iya yagewa. In kika ga walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru, ko kamar labule ya sauko, ki zo a ranar." Ba sai an maimaita mata ba.

Saura OCT. "Sikanin ido" ko "awon tantani"? Mutanen Daura, tun ɗazu ba mu ji ta bakinku ba.