Me ya sa talakan Ingila ke gudun asibiti a zamanin Sarauniya Biktoriya?

Ɗalibar Jinya:
Assalamu alaikum jama'a. Malaminmu na kiwon lafiyar al'umma ya ce a zamanin Sarauniya Biktoriya, 1837 zuwa 1901, talakan Ingila ya gwammace ya yi jinya a ɗakinsa da a kwantar da shi a babban asibiti. Abin ya ɗaure mini kai. To me ke kashe mutane a asibitocin, da kuma gidajen masu taɓin hankali?

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku bai yi ƙari ba. Ni a ɗakin tiyata na yi aiki har na ajiye, don haka ta nan zan ɗauko miki. A zamanin Biktoriya likita kan yanke wa mutum ƙafa sanye da rigar da jinin jiya ya bushe a jikinta, ya juya kan na gaba ko hannu bai wanke ba, wuƙar ma ita ce dai. Idan mugunya ta fito a rauni, wasunsu har murna suke, wai alamar warkewa ce.

Likita James Simpson na Edinbara ya tattara lissafi a 1869. Cikin waɗanda aka guntule wa hannu ko ƙafa a manyan asibitoci, kusan 4 cikin 10 suka rasu. Waɗanda likitocin karkara suka yi wa aikin, galibi a gidajensu, kusan 1 cikin 10 ne. Kin ga asibitin da kansa ke ƙarasa su. Likitan tiyata Joseph Lister a Gilasgo ya soma wanke rauni da kayan aiki da ruwan kabolik mai kashe ƙwayoyin cuta, ya buga sakamakonsa a 1867, amma manyan likitoci da dama suka yi masa kallon mai ɓata lokaci. Girman kai, 'yata, tsohon ciwo ne a sana'armu.

Anti Talatu:
Baba ya gama da tiyata, bari in taɓa gidajen masu taɓin hankali, ƙanwata. Dokar 1845 ta tilasta wa gundumomi gina su. Na Colney Hatch da ke arewacin Landan, da aka buɗe a 1851, an yi shi ne don mutum sama da 1,000. Cunkoson ya sa tarin fuka da atuni suka yi ta ɗiban rai. Maza da yawa kuma tunjere ne ya hau musu ƙwaƙwalwa, jiki ya shanye, cikin 'yan shekaru su cika. Sai a 1913 masanin kimiyya ɗan Japan Hideyo Noguchi ya gano ƙwayar cutar a ƙwaƙwalwar irin waɗannan mamata. Amma a yi adalci, Likita John Conolly ya hana ɗaure majinyata da sa musu mari a gidan masu taɓin hankali na Hanwell tun 1839.

Ɗalibar Jinya:
Na gode Baba, na gode Anti. Amma ta yaya aka san yawan mamatan da abin da ya kashe su?

Baba Mai Ritaya:
Rajista, 'yata. Daga 1837 gwamnati ta soma rubuta kowace mutuwa a Ingila da Wales, masanin ƙididdiga William Farr kuma yana tsefe alƙaluman unguwa-unguwa. Da kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan a 1854, Likita John Snow ya karɓi sunayen mamata a ofishin rajista, ya bi gida-gida har ya gano famfon titin Broad ne tushen annobar, aka cire wa famfon hannu.