"Kyan ɗa ya gaji ubansa": me ake gada, kuma ta wace hanya?

Uban yara biyu:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Karin maganar da ta hana ni sakat kwanan nan ita ce "kyan ɗa ya gaji ubansa". Tun ina yaro nake jin ta, kuma kullum ina ɗaukarta kaya ne a kan ɗa, shi ne zai yi ƙoƙari ya kamo ubansa. Shekaranjiya da yamma muna tafiya da ɗana mai shekara 4, sai na waiwaya na ga ya goya hannayensa a baya, ya ɗan sunkuyar da kai, yana taku irin wanda nake yi idan tunani ya kama ni. Ban taɓa koya masa ba. Ni kaina ban san haka nake tafiya ba sai da na gani a jikinsa. Nan jikina ya yi sanyi, domin na ga ashe ni karin maganar take nunawa da yatsa. To gadon nan na jini ne, na dukiya ne, ko na hali? Kuma uban da ba ya zama, me ɗansa zai gada?

Malamin harshe:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Asalinta yabo ce. Ana faɗarta idan ɗa ya riƙe sana'ar ubansa ko ya tsaya a matsayin da uban ya tsaya bai ba da kunya ba. Shi ya sa ba ka taɓa jin an faɗa wa ɗan ɓarawo ita ba, ko da ya fi uban iya sata. Akwai sharaɗin da ba a furtawa: sai uban yana da abin da ya cancanci a gada. Kada kuma a haɗa ta da "barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe". Ta barewa jini take nufi, abin da aka haifi mutum da shi. Wannan kuwa tunda aka ce "kyan", an yarda ke nan ɗa zai iya kasa gado. Idan ya kasa, sai ka ji an ce albasa ba ta yi halin ruwa ba.

Ɗalibar nazarin halayyar yara:

Malam, sharaɗin nan da ka ambata shi masana suka daɗe ba su leƙa ba. Shekaru da yawa binciken tarbiyya a kan uwa ya tsaya, uba kuwa sai a tambaya ko yana gida ko ba ya nan, shi ke nan. A 1975 Michael Lamb ya rubuta wata maƙala da ya kira iyaye maza waɗanda aka manta da gudummawarsu ga tasowar yaro. Daga baya, a tsakiyar shekarun 1980, shi da Joseph Pleck da abokan aikinsu suka raba sa hannun uba a tarbiyya gida uku. Akwai hulɗa ta kai tsaye, wato ya ɗauki yaron, ya yi wasa da shi, ya duba masa karatu. Akwai kasancewa kusa, yadda in yaron ya nema zai samu. Na uku shi ne ɗaukar alhaki: ya san ranar rigakafi, ya san takalmin ya matse, ya san wa zai kula da yaron gobe, ba tare da an tuna masa ba.

A 2008 Anna Sarkadi da abokan aikinta a Suwidin suka tattara nazarce-nazarce 24 da suka bi yara tsawon shekaru. A 22 daga ciki an ga amfanin uba mai hulɗa da 'ya'yansa: matsalolin ɗabi'a sun ragu ga yara maza, damuwar zuciya ta ragu ga 'yan mata. Tafiyar da ɗanka ya kwaikwaya, Yaya, ta wannan ƙofar ta shigo.

Direban babbar mota:

Ku yi haƙuri, amma maganar nan ta sosa ni. Ina yin mako biyu, wani lokaci uku, ban kwana a gida ba. Ba yawo nake zuwa ba. Abin da za su ci, da kuɗin makaranta, da na magani, duk a kan titin nan nake samo su. Yanzu za a ce ni ban cika uba ba don ban san lambar takalmi ba? Wanda ya zauna yana wasa da yara alhali tukunya ba ta hau wuta ba, me za su gada a wurinsa? Ni abin da na gada a wurin mahaifina shi ne tashi da asuba neman halal, kuma ban taɓa ganin ya yi wasa da ni ba.

Ɗalibar nazarin halayyar yara:

Baba, wallahi ba wanda ya raina ciyarwa, binciken ma bai raina ta ba. A 1999 Paul Amato da Joan Gilbreth suka haɗa nazari 63 kan iyaye mazan da ba sa zaune gida ɗaya da 'ya'yansu. Sun ga kuɗin da uba ke bayarwa yana tafiya tare da ingancin rayuwar yaron. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, yawan ziyara shi kaɗai bai nuna wani tasiri mai ƙarfi ba. Abin da ya yi tasiri shi ne shaƙuwa, da irin tarbiyyar da ta haɗa tausayi da kafa iyaka: uban da zai saurari yaro, ya tambayi karatunsa, ya tsawata masa da dalili. Na san halinka daban ne, kai aiki ne ya fitar da kai, ba rabuwa ba. Amma ina ganin darasin ya shafe ka ta alheri. Kwana uku da za ka yi a gida suna iya nauyi, in yaran sun same ka a cikinsu.

Ka kuma duba abin da ka faɗa da bakinka. Ka gaji tashi da asuba ne saboda ka ga yana tashi.

Uwar yara uku:

Ni na ukun nan, ɗaukar alhaki, shi ya taɓa ni. Wata rana zazzaɓi ya kama 'yarmu ina wurin aiki, babanta ya kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ranar haihuwarta, ya faɗi shekara ya tsaya. Ta tambaya ko akwai maganin da jikinta ba ya karɓa, ya ciro waya ya kira ni. Mutumin kirki ne, bai taɓa barinmu da yunwa ba, amma da ya dawo ya zauna a bakin gado ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ashe ban san 'yata ba." Tun ranar shi yake riƙe katin asibitinsu a jakarsa, shi yake zuwa taron iyaye a makaranta. Ni karin maganar da na ga ta fi dacewa da iyaye maza ita ce "zuwa da kai ya fi aike".

Ina kuma da tambaya ga Malam. "Ɗa" a nan ya haɗa da 'ya mace? Domin 'yata ta fi duk yayyenta maza ɗauko halin babanta, har yadda yake yin shiru in ransa ya ɓaci.

Malamin harshe:

Hajiya, a harshe "ɗa" yakan ɗauki duka biyun, kamar a "ɗan Adam" da "ɗa na kowa ne". Amma gaskiya a amfani, namiji ake faɗa wa wannan, don sana'a da matsayi ake hange. Idan aka karkatar da ita zuwa hali, kamar yadda kuke yi yanzu, ban ga abin da zai fitar da 'ya mace ba.

Wanda ya tashi maraya:

Ina jin tsoron inda zancen ya nufa. Ina shekara 2 mahaifina ya rasu, ko kamanninsa ban riƙe ba. Kakata da kawuna suka rene ni, kuma ban lalace ba. Duk lokacin da aka ce uba shi ne kaza da kaza, sai marayu da matan da ke renon yara su kaɗai su ji kamar an yanke musu hukunci. Sannan wa ya ce hulɗar uban ce ta gyara yaran? Wataƙila gidan da uba ke da sukunin zama da yara shi ne gidan da dama akwai rufin asiri da zaman lafiya.

Ɗalibar nazarin halayyar yara:

Yaya, wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma masanan da kansu suna yin ta. Abu biyu su zo tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗaya, shi ya sa nazarin kirki yake ƙoƙarin ware tasirin talauci da ilimin iyaye kafin ya ce komai, kuma idan an ware, tasirin uba yakan ragu ko da bai ɓace ba. A 2008 Rebecca Sear da Ruth Mace sun duba nazari 45 daga al'ummomi daban-daban kan waɗanda ke taimakawa yaro ya rayu. Rashin uwa kusan ko'ina babban haɗari ne. Rashin uba kuwa, a wurare da yawa bai ƙara mutuwar ƙananan yara ba, sau da yawa kaka ta wajen uwa ce ta fi nuna tasiri. Kawunka ya yi maka aikin uba, kuma shi ka gada.

Abin da ya fi burge ni shi ne gadon ba hanya ɗaya yake bi ba. A 2011 Lee Gettler da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon bin samari 624 a Cebu ta ƙasar Filifin na tsawon shekara huɗu da rabi. Waɗanda suka zama iyaye, sinadarin mazantaka da ake kira testostaron ya sauka sosai a jikinsu, kuma ya fi ƙasa ga masu kula da yara awa 3 ko fiye a rana. Jikin namiji ma yana shirin reno. Barry Hewlett kuma ya zauna da mutanen Aka a Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ya ga iyaye mazansu suna riƙe da jariri ko suna inda hannu zai kai gare shi kusan rabin yini. Ba sabon abu ba ne da Turawa suka ƙirƙiro.

Direban babbar mota:

'Yata, na ji. Ban sauka daga maganata ba cewa ciyarwa ita ce farko. Amma akwai abin da zan faɗa. Babban ɗana yana shekara 13, kuma in na kira gida uwarsa nake tambaya lafiyarsu, ban taɓa cewa a ba shi wayar ba. Daren jiya da na tsaya hutawa na ce a ba shi. Muka yi shiru mu biyu, ban san me zan tambaye shi ba. Shi ne ya fara, ya ce, "Baba, motar taya nawa gare ta?"

Uban yara biyu:

Baba, me ka ce masa? Kuma ya sake tambayar wani abu?