Tambaya a kan saka tafarnuwa da zogale cikin abincin tarwada

Mai Tarwada, Arkilla

Assalamu alaikum. Ina kiwon tarwada a kwamin siminti a bayan gidana, kuma da ruwan rijiyar burtsatse nake amfani. Duk shekara idan bazara ta kankama, daga watan Maris zuwa Mayu, sai kifin ya rage cin abinci, jajayen miki su fito masa a gefen jiki, gashin bakinsa ya gutsure, cikin wasu ya kumbura, da safe kuma in tarar da matattu a saman ruwa. Abin da masu sayar da magani ke ba ni shi ne oksitetrasaikilin, wani maganin kashe ƙwayoyin cuta, amma hankalina bai kwanta da yawan zuba shi ba, domin iyalina da maƙwabtana ne ke cin wannan kifi. Na ji ana cewa tafarnuwa da citta da zogale da darbejiya suna ƙara wa kifi garkuwar jiki. Ina roƙon masana su faɗa mini gaskiyar maganar, da gwargwadon da ake sakawa, da kuma ko waɗannan tsirrai za su iya maye gurbin maganin kanti.

Malamin Kiwon Kifi, Dundaye

Wa alaikumus salam, Alhaji. Maganar tana da tushe. Kifi ya fi dogara da garkuwar da aka halicce shi da ita, wato yauƙin da ke lulluɓe da fatarsa, da fararen ƙwayoyin jini masu cinye ƙwayar cuta, da wani sinadari mai suna laisozayim da ke fasa bangon bakteriya. An yi gwaje-gwaje masu yawa a kan tarwada da karfasa waɗanda suka nuna cewa tafarnuwa da citta suna ƙarfafa waɗannan abubuwa, har kifin da aka ciyar da su ya fi jure wa ƙwayar bakteriya mai suna Aeromonas hydrophila, wadda ita ce ta fi haddasa irin mikin da kumburin cikin da ka bayyana.

Ma'aunin garin tafarnuwa da aka fi amfani da shi a gwaje-gwajen yana tsakanin giram 5 zuwa giram 30 a kowane kilo na abinci, kuma ina ba ka shawarar ka fara da giram 10, ka auna da sikeli, kada ka ƙiyasta da ido. Sinadarin alisin, wanda shi ne ƙarfin tafarnuwa, yana samuwa ne idan an daka ta, kuma zafi yana lalata shi da sauri. Saboda haka idan ka zuba ta a cikin haɗin da zai bi ta injin da ke dafa abinci mai yawo a saman ruwa, mafi yawan amfanin ya tafi. Abin da ya fi shi ne ka dama garin da ɗan man gyaɗa ko ɗanyen ƙwai, ka cuɗanya shi da ƙwayoyin abincin har ya manne, ka shanya a inuwa, kuma ka haɗa na kwana biyu ko uku kawai. Mu a Sakkwato Allah ya hutar da mu, tunda tafarnuwar Wurno da Goronyo tana nan a kasuwa. Ka fara bayarwa tun cikin Fabrairu kafin zafi ya iso, ka yi mako biyu zuwa huɗu, sannan ka huta.

Zogale kuwa abinci ne fiye da magani. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na busasshen ganyensa furotin ne, amma yana ɗauke da sinadaran tanin da safonin waɗanda ke rage girman kifi idan ya yi yawa, don haka kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na haɗin.

Tsohon Masunci, Kwalkwalawa

Allah ya ƙara wa Malam ilimi. Ni darbejiyar da Alhaji ya ambata ce ta sa na yi magana. Ɗana, kada ka ɗauka cewa duk abin da ya tsiro daga ƙasa lafiyayye ne ga kifi. Mu da muka tashi a bakin gulbin Rima mun san majimfa da ɓawon aduwa, waɗanda tun zamanin kakanni ake dakawa a zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso a kwashe shi da hannu. Darbejiya ma, musamman 'ya'yanta, tana kashe kifi idan ta yi yawa, kuma ƙananan ne ke fara mutuwa. Ka bar ta ga masu feshin gona.

Hajiya Mai Kifi, Mabera

Ban musanta bayanin Malam ba, amma a ganina, Alhaji, matsalarka ta fi kusa da ruwa fiye da abinci. Ƙwayar cutar Aeromonas da Malam ya ambata tana cikin kusan kowane ruwan kiwo, ba ta samun ƙofa sai kifi ya galabaita. Tarwada ta fi jin daɗin ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 30, alhali a watan Afrilu zafin garin nan yana haura digiri 40, kuma kwamin siminti da ba shi da rumfa yana riƙe zafin har dare. A irin wannan ruwa iskar da kifi ke shaƙa tana raguwa, dafin amoniya da ke fitowa daga kashin kifi da ragowar abinci yana ƙaruwa. Ka sa hannu a ƙasan kwaminka da yamma, ka ɗebo abin da ya kwanta ka shinshina; idan baƙi ne mai wari, to, tafarnuwa ko buhu ce ba za ta hana mutuwa ba.

Ni nakan yi rumfar zana, in rage yawan kifin a kowane kwami, in sauya wani kaso na ruwan da asuba, in mayar da ciyarwa sassafe da bayan la'asar. Ina saka tafarnuwa, kuma na ga kifina ya fi karɓar abinci da ita. Sai kuma abu ɗaya da ba a cika kula da shi ba: idan da kanka kake haɗa abinci, ka duba tunkuza da masarar da kake saye, domin wadda ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afilatoksin mai lalata hanta da karya garkuwar jiki.

Likitan Dabbobi, Runjin Sambo

Alhaji, ɓangaren ƙarshe na tambayarka ne ba a amsa ba, kuma amsar ita ce a'a. Waɗannan tsirrai rigakafi ne, ba sa warkar da kifin da cuta ta riga ta shiga jininsa, kuma kifin da ya daina cin abinci ba shi da hanyar da zai karɓi abin da ka saka a ciki. Damuwarka game da oksitetrasaikilin tana kan hanya, domin yawan zuba shi ba bisa ƙa'ida ba yana sa ƙwayoyin cuta su bijire masa, kuma saboda irin wannan bijirewa ne Tarayyar Turai ta hana saka magungunan kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙara girma tun shekarar 2006. Idan mutuwa ta fara, ka tsame matattu ka binne, ka ware masu miki, ka kai kifi mai rai tare da ruwan kwamin asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a duba, a zaɓa maka maganin da ya dace, sannan ka kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin ka sayar ko ka ci.

Mai Tarwada, Arkilla

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Malam, yaya zan gane cewa tafarnuwar ce ta yi aiki ba gyaran ruwan ba, tunda duka biyun zan yi?

Malamin Kiwon Kifi, Dundaye

Ka raba kifi masu girma ɗaya gida biyu daidai, ka yi wa kwamin biyu rumfa da sauyin ruwa iri ɗaya, ka saka tafarnuwa a abincin ɗaya kawai. Ka riƙa rubuta yawan abincin da suka ci da adadin waɗanda suka mutu kowace rana, ka auna nauyin guda 20 daga kowane kwami duk bayan mako biyu har zuwa faɗuwar ruwan sama, kuma kada ka yi amfani da koma ko bokiti ɗaya a kwamin biyu.