Gudan jini ya toshe min huhu, Babanmu ma haka ya tafi: gado ne?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 29. Wata biyu da suka wuce ƙafata ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, tana ciwo kamar an ɗaure jijiya. Na ɗauka gajiya ce. Kwana huɗu bayan nan numfashi ya fara gagarata, idan na ja iska ƙirjina sai ya soke ni, zuciyata na ta dukan uku-uku. A asibiti aka yi min hoton siti sikan, aka ce gudan jini ne ya taso daga ƙafa ya toshe jijiyar huhu. Aka ɗora ni kan maganin tsinka jini mai suna ribaroksaban, aka ce in daina ƙwayar tsarin iyali da nake sha.

Abin da ke hana ni barci shi ne Babanmu, Allah Ya jiƙansa. Yana da shekara 44 ƙafarsa ta kumbura, cikin sati guda ya yanke jiki ya faɗi, shi ke nan. Yanzu ƙanwata tana da cikin wata uku. Don Allah in je in yi gwajin gado yanzu ne? Ita ma ta yi? Ni kuma zan iya sake haihuwa?

Amsa daga wata ma'aikaciyar jinya:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu, Allah Ya ƙara sauƙi, Ya jiƙan Baba. Bari in fara da ƙanwarki don nata ya fi gaggawa. Kada ta jira wani gwaji. A awo na gaba, ko ma kafin nan, ta faɗa wa likitanta ƙarara cewa yayarta ta samu gudan jini a huhu tana ƙasa da shekara 30, mahaifinta kuma ya rasu da irin alamomin. Ciki da kansa yana ƙara wa jini saurin daskarewa, haɗarin kuma ya fi tsanani a sati 6 na bayan haihuwa. Likita ne zai duba ko tana buƙatar allurar hefarin, mai tsinka jini, don kariya. Idan ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya sarƙe mata kwatsam, asibiti a ranar, ba gobe ba.

Gwajinki kuwa, a yi shi a kan lokacinsa. Matsalolin daskarewar jini na gado da aka fi sani su ne Fakta 5 Laiden, wanda aka gano a birnin Laiden na ƙasar Holan a 1994, da canjin ƙwayar halittar furotirombin da aka gano a 1996, sai ƙarancin furotin C, furotin S da antitirombin, wato sinadaran jiki masu hana jini daskarewa. Biyun farko a ƙwayar halitta ake duba su, magani ba ya taɓa sakamakon. Ukun ƙarshe kuwa sabon gudan jini da magungunan tsinka jini suna iya rikita su: wafarin yana sauke furotin C da S, hefarin yana sauke antitirombin, ribaroksaban ɗinki ma yana ɓata wasu awon. Ciki shi ma yana sauke furotin S, shi ya sa gwajin ƙanwarki a yanzu zai iya ba da tsoro a banza. Ki nemi a tura ki wurin likitan jini, shi zai tsara lokacin.

Wani memba:

Tunda kin samu sauƙi me zai hana ki ajiye maganin ki koma asfirin? Wata biyu ai ya isa.

Ma'aikaciyar jinyar ta sake cewa:

Malam, don Allah a'a. Mafi ƙarancin lokacin maganin nan wata 3 ne, wasu kuma ana ƙara musu sosai. Asfirin ba ya maye gurbinsa, haɗa su biyun kuma yana jawo zubar jini. Haka ibufurofen. Kada ki tsallake ko rana ɗaya ba da izinin likita ba.

Wata uwa mai ƙarancin furotin S:

'Yar'uwata, na san wannan tsoron, na kwana da shi. Na haifi biyu bayan nawa ciwon. Kafin in ɗauki ciki muka zauna da likita, aka sauya min ƙwaya zuwa allurar hefarin da nake yi wa kaina kullum a fata, har sati 6 bayan haihuwa, domin wafarin yana cutar da jariri a ciki, ribaroksaban ma ba a ba mai ciki. Allurar tana barin tabo, amma ana sabawa. Abu ɗaya da ba a gaya min da wuri ba: maganin tsinka jini yana ƙara yawan jinin al'ada. Idan naki ya yi yawa ki faɗa, akwai abin da za a yi, kada ki daina sha a ɓoye. Batun tsarin iyali ma ki tambaya, akwai hanyoyin da babu sinadarin estirojin a ciki.

Wani ɗalibin likitanci:

Anti, ƙari kaɗan. Fakta 5 Laiden ya fi yawa a jinin Turawa, kusan 5 cikin 100, a baƙar fata kuwa da wuya ake samunsa. Don haka idan gwaji ya fito babu komai, hakan bai goge tarihin gidanku ba. A iyalai da yawa masu wannan matsala ba a gano sanadin. Idan kuma an samu, kowane ɗa yana da rabi da rabi na gadonsa, kuma da yawa masu ɗauke da shi ba sa taɓa yin gudan jini. Ki tambaya a duba rukunin jininki na sikila ma, domin masu AS suna da ƙarin haɗarin gudan jini a huhu. Tafiyar da ta wuce awa 4 a zaune, ki riƙa miƙewa kina motsa ƙafa.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na kira ƙanwata yanzu na karanta mata amsar Anti ma'aikaciyar jinya, gobe da safe zan raka ta awo da takardun sallamata a hannu.