Shawarwarin da aka bayar kan wariyar ƙabila a wurin aiki

Jama'a ga taƙaitawar abin da muka tattauna kan ɗan'uwanmu ɗan Zuru da ke aiki a wani kamfani a Birnin Kebbi, wanda ogansa ke ta yi masa gori da ƙabilarsa gaban mutane, kuma an hana shi ƙarin girma.

Mafi yawa sun ce kar ya ajiye aiki cikin fushi, ya fara tara hujja tukuna, saƙon WhatsApp, takardar tuhuma in an ba shi, ranar da aka faɗi magana da wanda ya ji, don kotu ba ta aiki da "an ce". Sai ya rubuta koke ga hukumar kamfanin ya riƙe kwafi.

Wani lauya a cikinmu ya ce sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta wariya saboda ƙabila, addini ko asalin gari, kuma sashe na 254C ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa hurumin irin wannan shari'a har da cin zarafi a wurin aiki, tana da reshe a Sakkwato. In ba kuɗin lauya akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam da Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kyauta ne.

Wasu dattawa sun ce ya yi haƙuri a samu manya su sasanta. Ni dai ban ƙi sulhu ba, amma wallahi a rubuta shi a sa hannu, kuma kar a ja lokaci, shaidu suna canja wurin aiki.